Kujerar Saiti

Ku da kuke cika mini waya da "ki ƙara haƙuri, 'yar'uwa", yau ku gyara zama. Na je na ga gidan da haƙuri yake tsufa, har ruwan gidan na sha.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce babba a gidanmu, ina aiki a shagon tabarau, ina sauya wa mutane gilashi a ido har su ce "yauwa, yanzu na gani". Shekara ta uku ke nan wani mai ɗaukar hoton biki yana ajiye mota a ƙofar gidanmu. Gwaggona ce ta raɗa masa Sai-Gobe, don duk ranar da aka tambaye shi yaushe manyansa za su zo, amsar ke nan. Sunan ya bi shi, har ni kaina da shi na adana lambarsa. Shi kuma Likita yake ce mini, rabi wasa rabi raini. A farkon watan nan Baba ya ajiye kofin shayinsa, bai ko ɗaga murya ba, ya ce idan wata ya mutu bai ga manyan yaron nan a falonsa ba, kada ya sake ganin motarsa a layinmu. Mama kuwa tun daga ranar ba ta kiran sunana sai ta fara sauke ajiyar zuciya.

Ranar Asabar da safe, ina tsaka da wanke-wanke, saƙonsa ya shigo.

"Ki shirya, ina tafe. Zan kai ki ki ga abin da zai canza rayuwarmu."

Rayuwarmu. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallon wannan "mu" kamar ban taɓa ganin harafi ba. Kuskuren da na yi shi ne nuna wa Mama. Nan take ta yanke hukunci cewa gida ya kama, ta shiga jero mini abin dubawa: ko kicin yana da taga, ko famfo na kawo ruwa, ko maƙwabta masu sa ido ne. Ta buɗe akwatina da kanta ta zaro doguwar rigata ruwan zuma, wadda na ɗinka tun bara na ɓoye don ranar da manyansa za su zo. Na sa ta, na yafa mayafi mai bakin zare, na cusa ƙafa a takalmi mai tsinin da yake cizona a ɗan yatsa. Hoda sai da na shafa na goge na sake shafawa.

Sai Mama ta ce Auta ta raka ni, don kada a ce an gan ni ni kaɗai ina shiga gidan haya da namiji.

Auta ƙanwata ce, bara ta gama sakandare. Ta fito da rigar da ta yi shara da ita, da silifas, tana taunar cingam, ko mai ba ta shafa ba. Akwai fuskar da Allah ya gama mata aiki tun a ciki, ba ta neman taimakon kowa. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Ku riƙe wannan, don kada anjima ku ce dama can.

Ba unguwar gidaje muka nufa ba. Ya bi da mu ta bayan tsohuwar kasuwa, ya tsaya tsakanin mai facin taya da wani shagon tela da aka garƙame. Allon da ke saman ƙofar rana ta cinye rubutunsa, sai zanen ido guda ya rage. Shagon wani mai hoto ne da ya rasu. Matarsa ce take sayar da kayan.

Ashe ba gida ba ne, amma na yi murmushi. Shekara uku sun koya mini.

Tsohuwar ta buɗe mana, siririya, tsaf da ita, idonta tar kamar na wadda ba ta taɓa buƙatar irin shagonmu ba. Sai-Gobe ya rusuna yana "Iya, mun same ku lafiya", ta amsa a taƙaice, ta dube ni tun daga mayafi har takalmi. Ciki warin tsohuwar takarda da ƙura. Bango cike da hotuna, ba masaka tsinke: amare, jarirai a kan tawul, sojoji, 'yan makaranta a jere, wani mutum rungume da rediyonsa. A ƙarshen ɗakin akwai labulen da aka zana wa matakala da tukunyar fure, a gabansa kujera guda mai jan ƙyalle, tsakiyarta ta lotsa.

Ta ɗauko wani akwatin katako, girmansa bai wuce babban ƙamus ba, ta ɗora a kan ƙafa uku. Ta taɓa wani ɗan maɓalli, gaban ya sauko, ta ja, sai ga baƙar fata mai ninki-ninki tana miƙewa kamar zugazugin maƙeri, da idon gilashi a bakinta. Sai-Gobe ya yi wani numfashi. Wallahi tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi mini irinsa ba.

A nan na ji sauran labarin, ba don ni aka faɗa ba, tsohuwar yake burgewa. Wai 'yar wani attajiri za a aurar ƙarshen wata, ta ga irin hoton da ake ɗauka da wannan akwatin a wata ƙasa, ta ce ita ma shi take so. Shi kuma ya buɗe baki ya ce yana da ita. Ya sayar da babbar kyamararsa ta aiki don ya sayi wannan. Idan hoton ya fito, manyan gari sun zama nasa. Fim ɗin kuwa ba a samunsa a nan, kowane hoto da fallensa guda mai faɗin tafin hannu biyu. Ya yi odar kwali, yana hanya. Yau falle ɗaya tak ya samo wurin wani abokinsa, yana cikin wani siririn baƙin gida mai marfin zarewa, don gwaji.

Sai ya juyo ya ce, "Likita, zauna a kujerar nan."

Masu karatu, na zauna. Na gyara rigata ruwan zuma a kan gwiwa. Ya lulluɓa baƙin ƙyalle a kansa ya shige bayan akwatin, sai muryarsa kawai nake ji: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, juyo kaɗan, a'a ya yi yawa, kada ki motsa. Yana murɗa wannan, yana ja da wancan. Wuyana ya ƙage. Takalmi yana cin yatsana. Wani ƙuda ya sauka a goshina ya yi zamansa, ban kore shi ba. Auta ta leƙa ƙarƙashin ƙyallen ta fito tana dariya, wai a gilashin baya kaina a ƙasa yake, ƙafafuna a sama. Ban yi dariya ba, don an ce kada in motsa. Kuma in gaya muku gaskiya, daɗi nake ji. Mutumin da ya ɗauki amaren mutane ba adadi, yau ni yake kallo, kuma ya daɗe yana kallon. Na ce a raina to ko ba gida, wannan ma wani abu ne.

Ya fito daga ƙyallen yana gumi.

"Yauwa, ya zauna daram. Tashi a hankali, kada ki ture kujerar. Auta, zo ki zauna daidai inda take. Tsayinku ɗaya."

Na ɗauka ban ji da kyau ba. Na tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko ba ni za a ɗauka ba. Bai ko dube ni ba, yana goge idon gilashin da bakin rigarsa.

"Fim ɗaya ne, Likita. Ba a kan kowace fuska ake kashe shi ba. Ita kuma ba za ta iya dogon zaman saiti ba, kin san ta."

Auta ta dube ni. Na ce mata ta zauna mana, me take jira. Ni da bakina. Ta manna cingam ɗinta a bayan hannu, ta zauna a ɗumin da na bari.

Ga abin da ban sani ba game da irin wannan kyamara: da zarar an zura gidan fim a baya, mai ɗauka ba ya ƙara ganin komai ta ciki. Dole ya fito ya tsaya a gefe, ya dubi mutum da idonsa na Allah, ya jira. Ni ta cikin gilashi ya kalle ni, a kife. Ita ya tsaya a gabanta, igiyar latsawa a hannunsa, ya ce mata wani abu da ban ji ba, ta yi murmushi da gefen baki. Ƙit. Shi ke nan. Zamana na kusan rabin awa, nata na ƙiftawar ido.

Tsohuwar ta miƙo mini ruwa a kofin silba. Na sha don in sami inda zan ɓoye fuskata. Ta tsaya kusa da ni muna kallon bango, ta ce in duba da kyau, in na ga hotonta ko ɗaya a cikin waɗannan ta ba ni shagon kyauta. Ta ce tun tana amarya, duk wanda na gani a bangon nan, ita ta fara zama a kujerar aka saita da ita kafin ya iso, don kada a ɓata wa mai kuɗi lokaci. Lotsawar kujerar ma tata ce.

Sai ga Sai-Gobe ya tuna abin da abokinsa ya gargaɗe shi: kada ya biya sai an duba fatar nan a cikin duhu, a sa tocila a ciki, don ko huda ɗaya kamar bakin allura ta isa ta ƙone hoto. Amma daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, gidan attajirin ne. Ya dafe wayar a ƙirji ya ce, "Likita, ke ce ma'aikaciyar ido. Shiga ki duba mini." Ya fita waje yana "ranka ya daɗe", Auta ta bi shi don ta sha iska.

Tsohuwar ta ɗauki akwatin ta kai ni wani ɗan ɗaki a baya, inda marigayin yake wanke hotuna. Ba taga. Ta cire gilashin baya da hannun da ya saba, ta ja fatar har ƙarshe, ta rufe ƙofa. Na kunna tocilar wayata na zura a ciki, ta toshe bakin da baƙin ƙyallen.

Taurari. A kowace kusurwar ninki akwai ɗigon haske, ƙanana, tsaf. Na fara cewa asu ne, sai na tsaya. Asu ba ya cin abu a jere. Waɗannan tazararsu ɗaya, kamar kalmasar bakin zane.

"Allurar ɗinki," in ji tsohuwar a cikin duhu. "Ƙaramar."

Ta ba ni labarin kamar mai faɗin farashin gishiri. Ba rana ɗaya ta yi su ba, ɗaya-ɗaya ne, idan abin ya taru mata a wuya. Hotuna suka fara fitowa da farin zanen haske a fuskar mutane. Marigayin ya zargi fim, ya zargi ruwan wanki, ya yi faɗa da mai kawo masa kaya. Duk sanda ya ce a duba fatar, ita yake miƙa wa, don shiga ɗakin duhu da tocila aikin yara ne da mata, ita kuma ta fito ta ce lafiya ƙalau. Daga baya ya koma zargin idonsa, ya yi ta sauya tabarau, wataƙila ma a irin shagonmu. Mutane suka daina zuwa. Ya ƙare kwanakinsa zaune a bakin ƙofa yana gaya wa masu wucewa cewa zamani ne ya lalace.

Na tambaye ta ko bai taɓa ganewa ba.

"Sai ya dube ni tukuna zai gane," ta ce. Ta buɗe ƙofa, haske ya shigo. "Ni dai kayana na sayarwa ne, 'yata. In kin faɗa, gobe wani zai zo ya saya. Bakinki naki ne."

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Tun ina ƙarama nake jin wannan, ban taɓa jin wanda ya tambayi ɗanɗanon romon ba. Ga wadda ta sha a gabana, kuma ba ta yi kama da mai nadama ba. Ta yi kama da wadda ta ƙoshi.

Na fito. Yana jingine da mota yana nuna wa Auta wani abu a waya. Ya ɗago ya ce yaya.

Na ce, "Lafiya ƙalau."

Bai ƙara tambaya ba. Ya so a jira a wanke hoton gwajin, tsohuwar ta ce ita ba ta ajiye kaya, akwai mai zuwa da safe. Ya biya nan take, ya naɗe akwatin a baƙin ƙyallen, ya ce in rungume akwatin tukuna ya gyara masa kujerar gaba, sannan ya fasa, ya ce in zauna in riƙe shi a cinya har gida, don hannuna ba ya rawa.

A hanya Auta ta toshe kunnuwanta da waƙa a baya. Shi kuwa bakinsa har kunne. Muna tsaye a danja ya rage rediyo, ya ce yau ya gama yanke shawara. In gaya wa Baba, ana gama bikin attajirin, washegari manyansa za su zo.

Shekara uku ina jiran wannan jimlar. Na sha raya yadda za ta zo, har da abin da zan sa. To ga rigar ma a jikina.

Da ya yi shiru a nan, wataƙila da na buɗe baki na gaya masa komai. Amma namiji in yana jin daɗin kansa ba ya sanin inda ake tsayawa.

"Kin san abin da ya burge ni? Yadda kika zauna. Ba motsi, ba ƙorafi. Na ce ki tashi, kika tashi. Na dubi tsohuwar nan na ce ka ga irin matar da mai sana'a yake buƙata. Kyau ai ana samu a ko'ina, Likita, kullum shi nake ɗauka. Irinki ce ke wuya."

Na ce na gode.

A ƙofar gida ya karɓi akwatinsa, ya miƙo mini baƙin gidan fim ɗin. Ya ce akwai wani dattijo a bayan shagonmu da har yanzu yake wanke irin wannan. In kai masa ranar Litinin. Ya ja mini kunne har sau biyu: kada a zare marfin, ko kaɗan, haske na taɓa shi an gama.

Mama tana bakin ƙofar falo tun kafin in cire takalmi. Ba gida ba ne, na ce mata, amma manyansa za su zo. Ba ta ji rabin farko ba. Ta rungume ni har ɗan kunnena ya soke ni, ta ɗauki waya ta fara da Gwaggo. Baba ya sauke jarida, ya dube ni ta saman tabaran da ni na zaɓa masa, ya ce, "Ke fa? Kin yarda su zo?"

Shi kaɗai ne ya tambayi ra'ayina a ranar. Saura kaɗan in yi kuka. Na ce su zo.

Na san za ku ce to me nake so. Bari in gaya muku, ku zage ni da hujja. Ina so manyansa su taka falon Baba da manyan rigunansu, su zauna, su roƙa, Mama ta ɗaga kai a cikin dangi, Gwaggo ta haɗiye sunan da ta raɗa. Hoton biki ba a ranar ake wanke shi ba, sai bayan kwanaki. Kafin 'yar attajiri ta ga farin zane ya raba mata fuska biyu, an riga an zo an tambaye ni. Abin da zai biyo baya, ko in aure shi yana durƙushe ko in bar shi a nan, wannan ni zan zaɓa, karon farko. Abu ɗaya ne ya tsaya a tsakani: fallen da ke jakata. Ranar Litinin dattijo zai wanke shi, zanen hasken zai fito, Sai-Gobe zai san wadda ta shiga ɗakin duhu ta fito ta ce lafiya ƙalau.

Amma fim ɗin da ya ƙone gaba ɗaya ba ya ba da shaida. Sai a ce tsohon fim ne, ko hannun dattijo ya fara rawa.

Na zagaya bayan gida inda muke shanya. Rana tana tsakiyar ka, zannuwan gado sun bushe ƙayau a kan igiya. Daga falo ina jin Mama tana cewa "ai dama na gaya muku yarinyar nan haƙurinta ba zai tafi a banza ba". Na fito da baƙin gidan, na sa yatsa a bakin marfin, na zare shi har ƙarshe.

Na ɗauka zan ga wani abu, ko inuwar murmushin nan. Babu komai. Falle ne kawai mai ruwan toka, kamar bangon da ba a yi wa fenti ba. Na riƙe shi ga rana na bar shi ya sha, har sai da hannuna ya yi zafi.

"Yaya."

Auta ce, tana tsaye tsakanin zannuwan, kwandon kwashe shanya a ƙugunta. Ban san tun yaushe ba. Ta dubi abin da ke hannuna, ta dube ni, ta ci gaba da taunar cingam ɗinta a hankali.

"Ba ya ce kada a buɗe ba?"

Ta sauke zanen gado guda, ta ninke shi, ta daidaita kusurwa da kusurwa yadda Mama ta koya mana, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Kada ki damu, ba zan faɗa ba. Dama ya ce jibi kwalin zai iso, in je shagonsa ya fara da ni. Wannan karon da kansa zai kai wanki." Ta sa zanen a kwando. "Ya ce in taho da ke, saboda saiti."